Lambar Hajiya Dije

Kun san Hajiya Dije ta Ƙofar Taramniya ba ta taɓa faɗin lambar sirrin waifai ɗinta da baki ba. Wayarka za ta karɓa, ta juya maka baya, ta danna da kanta. Ranar Juma'a kuma ta canza lambar, kamar zanen gado.

Katanga ɗaya ta raba mu, tare munka aurar da ɗiya. Da na shiga makarantar manya, malamarmu tana turo karatu ta waya, na je na ce Dije ta sa ni a waifai ɗin. Ta sa ni a layin baƙi, wanda ba ya kaiwa ga wayarta.

Na ce, "Dije, ni ce baƙuwa gidan ga?"

Ta ce, "Ke ba baƙuwa ba ce, Balki. Wayarki ce baƙuwa. Jikokinki sun cika ta da tarkace, ban san mi ta kwaso ba."

Na haɗiye. Abin da ya tsaya mani a wuya Malama Rifkatu ce, malamar firamaren da ke haya gidanta. Jiya jiya ta zo unguwar, amma ita ake kira ƙuryar ɗaki a rufe ƙofa a taɓa akwatin waifai ɗin, ni ina tsakar gida ina gadin takalma. Sallama kawai ke haɗa ni da ita.

Wata rana ƙanen mijin Dije ya leƙa ƙasan akwatin, ya kwafe lambar da kamfani ya manna. Ya yi ta dannawa har zufa ta karyo mashi.

Dije ta ce, "Alhaji, wagga ta mutu tun ranar da anka kawo shi. Kai ka taɓa barin makulli jikin kwaɗo?"

Da Allah ya yi wa Dije rasuwa, ranar sadakar uku mata sun cika gida, kati ya ƙare wa masu kiran dangi. Sai aka juyo kaina: "Balki, ke ce aminiyarta, ba mu babbar lambar." Kunya ta rufe ni. Na nuna Rifkatu da baki na ce, "Ku tambayi 'yar gaban goshin."

Rifkatu ta share hawaye ta ce, "Mama, wallahi ban san ta ba. Inda ake canzawa kawai na nuna mata, ina fita take sakewa. Ni ko layin baƙin sai na yi kwana biyu ina roƙo. Cewa take Balki na karatu, kar in janye mata ƙarfin layin."

Jama'a, gidan makoki ne, amma sai da na ja mayafi na rufe bakina. Na kama hannun Rifkatu na zaunar da ita kan tabarmata, na tura mata kwanon fura.

Allah ya jiƙan Dije, ya yalwata mata kabarinta. Ya sada mu a Aljanna, ɗaki guda.