Lambatun Madu Ba'ana

Madu Ba'ana Maisandari ya karɓi makullin injin ruwan unguwarmu ranar 3 ga Maris, 2015, lokacin da gidajenmu suka cika da 'yan gudun hijira. Rijiyar burtsatsen ɗaya ce, amma kwamitoci uku ke iko da ita: na mata masu ɗibar ruwan sha, na dillalan shanu, da na masu lambu. Kowanne da famfonsa da kwaɗonsa, kuma ba su taɓa zama wuri ɗaya ba.

Da bazara ta tsananta, ruwa ya ja baya, sai aka rufe famfon lambu. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Dzarma, manomin da ya gudo daga kudancin Borno, domin tumatirinsa ne ke ciyar da iyalinsa.

Madu bai kira taro ba. Fartanya ya ɗauka, ya ja lambatu daga wurin wankin mata, ya ja wani daga kwamin shayar da shanu, ya haɗa su zuwa lambun Dzarma. Ruwan da ke kwanciya yana tara sauro ya sami aikin yi. Sai dai ba a daɗe ba layin farko na tumatir ya yi yaushi. Sabulu ya ƙone shi.

Hajja Maimunat, shugabar mata, ta zo ta riƙe ƙugu. "Baba Madu, ashe har tumatir kake yi wa wanki? To, shanya shi mu gani."

"Hajja, ba ke kike cewa ruwa duk na Allah ne ba?"

"Ruwan na Allah ne, amma sabulun nawa ne!"

Har Dzarma sai da ya yi dariya. Madu ya toshe lambatun wanki, ya bar na shanu, wanda ke zuwa da taki a cikinsa. Famfon ruwan sha kuwa bai taɓa shi ba. Ya ce wannan kam, matan sun fi shi sanin tsaftarsa.

Sauran tumatirin ya yi albarka. Dzarma ya gayyaci kwamitocin uku ƙarƙashin darbejiya ya raba musu kwandon tumatir, kuma tun daga ranar can suke zama kowace Juma'a.

Madu ya fara haƙa ramin yashi da gawayi don tace ruwan wankin, sai hanyar ƙauyen su Madun, wadda rikici ya toshe, ta buɗe, ya tafi noma. Ramin yana nan iya gwiwa, buhun gawayin yana jingine a gefensa.