Na Sake Ba Gwaggo Wuta

Malam Haruna, daren jiya wani mafarki ya zo mini, har yanzu bai sake ni ba. Kai na zaɓa in faɗa wa, don kana aikin canza layi a reluwe lokacin da nake ba jirgi wuta, ka san mutanen da zan ambata, kuma ka fi ni karatu.

Gani na yi ina kan Gwaggo. Ka tuna ta, baƙin kan jirgin nan mai cin kwal da na ƙarar da ƙuruciyata ina ciyarwa da shebur. Mun sa mata Gwaggo ne saboda mitar da take yi in za ta hau tudu, amma ba ta taɓa yar da mu a daji ba. Ina tsaye a wurina da singileti, gwiwoyina ba sa ciwo. Oga Bitrus direba yana zaune a nasa gefen, da tsumman nan nasa a wuya. Na san ya rasu, a cikin mafarkin ma na sani, don har Kafanchan na je gaisuwa. Abin bai dame ni ba. Na ce, "Oga, an tashi lafiya?" Sai ya nuna mini ƙofar wuta da haɓa, yadda ya saba.

Na buɗe ƙofar, na soka shebur, sai kawai na ga ba kwal ba ne, gyaɗa ce ɓararriya, irin wadda muke jan taragunta zuwa kudu. Na yi ta zubawa tana ci, allurar agogon tururi tana hawa, ƙamshin suya ya cika wurin. Ni da na san abin da shebur ke yi wa kafaɗa tsakanin Zariya da Gusau, ga shi ina ɗaga shi kamar ludayi.

Sai kawai ga mu a ƙaramar tashar nan da muke tsayawa shan ruwa kafin Gusau. Ba ginin tasha, ba mai tuta, sai tsamiyar kaɗai da layin mata da bokitai. Ka san yadda suke yi: in mun tsaya su zo a sakar musu ruwan zafi daga jikin Gwaggo, masu jego su samu na wanka ba sai sun ƙona itace ba. Layin ya yi tsawo har ya shige cikin gonar dawa. Kowacce ta zo in cika mata, ruwan bai ragu ba. Wasu na gane su, wasu fuskarsu ta dushe kamar hoton da ya sha ruwa.

Ta ƙarshe Hauwa ce, uwar 'ya'yana, da ta rasu shekara huɗu ke nan. Ba Hauwa da ka sani da tabarau da carbi ba. Hauwa ta ranar da na fara ganinta a wurin nan, ta zo ɗibar wa yayarta mai jego ruwa. Ran nan a zahiri tsawa na yi mata don ta matso kusa da bututu, ta ce in ba ta ruwa in riƙe faɗana. A mafarkin ba ta faɗi haka ba. Ta ajiye bokiti, ta dubi damtsena inda ƙofar wuta ta taɓa ƙona ni, ta ce, "Ya warke?"

Na buɗe baki in ce ya warke tuni, in ce yara duk lafiya, Binta ta haihu an mayar da sunanki. Kafin in furta, Oga ya ja usur. Ta ɗora bokitinta a ka ta juya, ba fushi, ba sauri.

Daga nan hanya ta rikice. Muka ratsa tsakiyar kasuwa, ba wanda ya kauce, ba kuma wanda muka taka. Muka bi ta zauren gidana, ƙofar da ko babur sai an karkata shi, amma Gwaggo ta shige da taragunta kaf. Na ga 'ya'yana a tsakar gida suna cin tuwo, manya da gemunsu amma cikin kayan firamare. Raina ya ce mini, tuwon nan daga bakin wutar nan ya fito. Wallahi Malam, ban taɓa yin wannan tunanin ba sanda nake aikin. Zaginta nake yi, in zagi hayaƙinta, in zagi ranar da na ɗauki shebur.

Sai kawai muka shiga tsohon loko, garejin kawunan jirgi, inda aka ajiye ta yanzu don mutane su riƙa zuwa gani. Ga rumfar kwano, ga sarƙa an kewaye, ga ta tsaye a ciki an shafe ta da baƙin fenti mai ƙyalli, a sanyaye. Mu kuma muna kanta tana tafe da wutarta. Duka biyun ita ce. Muka shiga cikin ta tsayen a hankali har suka zama ɗaya, wuta ta mutu. Mutane cike, mata da goyo, dattawa, kowa na ɗaukar hoto. Wata murya kamar ta lasifikar tasha tana ta tambaya, "Wa ya san ta? Wa ya san ta?" Ba wanda ya amsa.

Oga Bitrus ya sauka da butar mai, mai dogon bakin nan. Ya bi gaɓoɓin ƙafafunta yana ɗiga musu ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Da ya gama ya dafa jikinta ya ce, "Ta yi ƙoƙari." Maganarsa ke nan duk tafiyar. Ya miƙo mini butar, ya shige cikin mutane. Na tsaya riƙe da ita, ina son in bi shi, ina kuma son in amsa wa muryar nan.

A haka kiran asuba ya tashe ni, hannuna a dunƙule, fuskata jiƙe. Ban ji tsoro ba. Alhamdulillahi kawai nake ta maimaitawa har na kai masallaci, don na ga Hauwa da ƙafafunta, na ga Oga, kuma na ji Gwaggo tana numfashi.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Sau biyu masu kula da Gwaggo suna aiko mini, wai in je in nuna musu inda ake sa mata mai kada tsatsa ta cinye ta, in kuma riƙa yi wa masu ziyara bayani, don cikin waɗanda suka yi aiki a kanta ni kaɗai na rage. Na ce musu ƙafa ce ta hana ni. Ba ƙafa ba ce, Malam. Ba na son in gan ta cikin sarƙa ba wuta, hotonta ma da aka nuna mini a waya sai da na kau da kai.

To, don Allah ka duba mini. Butar nan da Oga ya ba ni ya tafi, aiki ne aka bar mini da sauran kwana a gaba, ko shi da Hauwa sallama suka zo yi mini? In ka ga aiki ne, za ka raka ni ranar Asabar?