Ƙarshen da Na Ƙaga wa Inna

Ni ce 'yar fari a gidanmu na Roni, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko ta aiko ƙanwata da saƙo alhali ina zaune a gabanta. Kowa ya san kunyar ɗan fari ce. Ni kuwa, da zuciyata kamar ta kuturu, na ɗauka ƙi ne.

Ina aji bakwai, lokacin da kuɗin mai ya fara kawo mana kwalta, wata malamarmu Kirista 'yar Kudu ta ara mini littafin yara na Turanci. Labarin wata yarinya ne da jirgi ya yar a wata duniya can bayan taurari, inda duk wanda ya sauka yake manta gidansu. Uwarta ta bi sawu. Aka ce mata magani ɗaya ne: ta tsaya a fili ta kira sunan 'yarta da ƙarfi.

Kullum bayan la'asar nakan tara ƙannena a tsakar gida ina juya musu shi da Hausa. Inna tana gefe tana tankaɗe, kamar ba ta ji. Amma na lura, duk inda labari ya yi zafi, hannunta yakan tsaya a kan rariya.

Ranar da muka zo ƙarshe, shaiɗan ya hau kaina. A littafin, matar ta yi ta kira har muryarta ta dushe, 'yar kuma ta gane ta. Ni sai na ɗaga murya na ce, "Ta buɗe baki, sai kunya ta kama ta. Ta yi shiru. Yarinyar tana can har yau."

Ƙannena suka fashe da kuka. Inna ta kwashe garinta ta shiga ɗaki. Ran nan miya ba gishiri muka sha, ni kuwa har daɗi na ji. Allah Ya yafe mini.

Na tafi makarantar horon malamai, na kama aiki a Kazaure, ban warware ƙaryar ba. Bayan shekaru ciwo ya kwantar da Inna, na je dubiya. Ta juya fuska bango ta ce wa ƙanwata, "Tambayi yarinyar nan, matar littafin nan ba ta sake komawa ba?"

Ɗakin cike yake da 'yan dubiya. Yaya zan ce na yi wa mahaifiyata ƙarya a gabansu? Kunya ta kama ni. Na ce, "Na manta, Inna." A raina na ce sai Juma'a in na dawo, mu biyu kaɗai. Ta rasu ranar Laraba.

Bayan sadakar uku ƙanwata ta ja ni gefe. Ta ce, "Yaya, ranar da kika tafi makaranta na same ta a bayan rumbu ita kaɗai, tana faɗin sunanki a hankali. Da ta gan ni, ta ce in na faɗa ba ta yafe ba."

Yau na wuce shekarun da Inna ta yi a duniya, kuma abin bai daina ci mini rai ba. Kalma biyu ce kawai ta nema a wurina, na hana ta. Ta kira, Inna. Wallahi matar ta kira.