Malam Markus da Bugun Nesa

Malam Markus mutumin Ƙarfi ne. A gidan Maguzawa aka haife shi, ya kusa zama saurayi kafin 'yan mishan su sa shi makaranta. A ƙuruciyarsa an san shi a fagen gayya. In samari suka jeru a bakin kunya, makaɗa suka soma, shi ke riga kowa isa ƙarshen gona, ya juyo ya kama wa na kusa da shi. Daga baya karatu ya kai shi Funtuwa, ya zama mai duba auduga a gidan gurza. Ya auri Liatu, ya ajiye tumbi, garma ta bar hannunsa.

A bayan gidan gurzar akwai filin da Turawa suka share suna buga golf, wasan da ake kira ƙwallon lambu. Babu koriyar ciyawa irin ta hoto. Kewayen kowane rami yashi ne aka kwaɓa da baƙin mai. Bayan samun mulkin kai aka soma karɓar 'yan ƙasa a kulob ɗin, Malam Markus ya shiga a 1962, ya riga ya haura shekara arba'in da biyar. Wani tsohon Bature da zai koma gida ya bar masa sandunansa.

Hannunsa ya faɗa da wuri. Inda ya duba, nan ƙwallo ke sauka. Damuwarsa ɗaya ce, ba ta nisa.

A hanyar rami na huɗu akwai wani kwari da ruwan damina ya zaizaye. Duk mazan kulob da bugun farko suke tsallake shi. Malam Markus kuwa tilas ya ajiye ƙwallonsa a bakin kwarin, sannan ya tsallake da bugu na biyu. Abokin wasansa na ranar Asabar shi ne Sada, malamin dabbobi, siriri, bai wuce shekara talatin ba. Sada zai kaɗa sanda kamar yana korar ƙuda, ƙwallo ta ɓace a sama, sannan ya tsaya cikin ladabi yana jiran dattijo ya yi bugunsa na biyu. Wannan ladabin ya fi komai ci wa Malam Markus rai.

Wata Asabar sakataren kulob, Bature mai jin Hausa, ya ja shi gefe ya ce, "Malam Markus, in kana so, ka riƙa tashi daga can gaba, inda matanmu ke tashi. Ba laifi ba ne, za ka fi jin daɗin wasan."

Malam Markus ya ce ya gode. Ya tura kekensa har gida bai hau ba. Liatu ta ajiye masa tuwo, ya zauna yana kallonsa.

"Wa ya rasu?" ta tambaye shi.

"Ba kowa."

"To ka ci abinci."

Da farko ya ɗauka ƙarfi ne ya ragu. Ya sa maƙeri ya ƙera masa sandar ƙarfe mai nauyin taɓarya, yana kaɗa ta safe da yamma. Ya sallami mai faskaren gidansa ya karɓi gatari. Rani guda yana wannan. Kafaɗunsa suka cika, rigunansa suka matse shi a hammata. Amma da ya koma fili sai ya tarar jikinsa ya sandare, ba ya juyuwa. Nisan da ya ƙaru kaɗan ne, daidai wanda zai kai ƙwallo tsakiyar kwarin. A da yana ajiye ta a baki ya tsallake lafiya, yanzu sai ya gangara cikin ƙaya yana nemanta.

Ana nan sai wani injiniyan reluwe ya zo daga Zariya aiki, ya biyo fili da yamma. Ya tsaya ya kalli bugun Malam Markus ya ce, "Kai ai noma kake yi. Kana saran ƙasa da ƙarfinka duka. Ƙwallo ba ta san ƙarfi ba, sauri ta sani." Ya karɓi sandar, ya juya ta ya kama wajen kan, ya kaɗa a iska, ta yi fito kamar bulala. Ya ce, "Wannan ƙarar za ka nema. Ka yi da abu mara nauyi har jikinka ya saba da sauri, sannan ka koma kan sanda."

Malam Markus ya jingine ƙarfen, ya yanko tsumagiya da karan dawa. Kullum kafin ya tafi aiki yana bayan ɗaki yana zabga wa iska, kowane bugu da nishinsa. Kara ya karye, ya ɗauko wani. Ana jin ƙarar har ƙetaren danga.

Ba a yi wata ba maƙwabciyarsu Tasalla ta shigo aron rariya, ta zauna tana duban hannuwan Liatu da wuyanta.

"Yaya Liatu, in akwai abin da ke tsakaninki da Malam, ki faɗa. Matan zumunta sun ce za su yi wa fasto magana."

Liatu ta kai ta bayan ɗaki ta nuna mata tarin karyayyun kara. Da mijin ya dawo ta tare shi.

"Malam, gari ya ɗauka dukana kake yi."

"Ki ce musu iska nake duka."

"Na faɗa. Yanzu cewa suke ka taɓu."

Bai daina ba. Ya dai koma yi a gindin wata ɗorawa nesa da gidaje.

A daminar 1964 saurin ya zo. Ranar da ƙwallonsa ta fara tashi sosai, shi kansa ya ji bambancin a hannunsa. Ta yi sama, ta wuce kwarin, sai ta lanƙwasa dama kamar lauje, ta faɗa cikin dawar wani manomi mai suna Ummaru da ke iyaka da filin. Ya sake ajiye wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ya gyara tsayuwa, ya gyara riƙo, ya juya kafaɗa hagu har kamar zai buga wa gidan gurza. Ƙwallo ta tashi hagu, ta yi baka, ta koma dawar Ummaru. Mutumin da a da ba ya ɓatar da ƙwallo ya koma mai roƙon direbobin da ke zuwa Kaduna su sayo masa. Sada ya riƙa cinye shi fiye da da.

Da aka yi girbi, Ummaru ya zo har gida da ƙwarya cike da ƙwallaye, ruwa da rana sun ɓata su. Ya ce, "Malam, in shuka su kake son yi, ka faɗa mini baɗi in ware maka kunya biyu."

Sada ya ba shi shawara ya koma bugunsa na da. Malam Markus ya ce saura kaɗan, in ya ƙara sauri ƙwallon za ta miƙe. Ya ƙara. Wata safiya a gindin ɗorawa ya kaɗa tsumagiya, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ya durƙusa ya kasa tashi. Masu zuwa gona ne suka ɗauko shi. Aka kai shi asibiti a Malumfashi, ya daɗe a kwance. Likita ya ce zai yi tafiya, zai hau keke, amma murɗa jiki da ƙarfi ya ƙare masa.

Ya dawo fili ana rufe kasuwar auduga, lokacin gasar kulob ta shekara. Ya sa sunansa don kada a ce ya gudu. Sanda ba ta wuce kafaɗarsa, ƙwallo ba ta kai ko nisanta na da. Amma ta koma tafiya sak. A rami na huɗu ya ajiye ta can baya da bakin kwari, ya tsallake da na biyu. Ranar iska na kaɗawa, masu bugun nesa suka yi ta yawo cikin ciyawa. Shi yana tafe a hankali, dafe da ƙugu, daga rami zuwa rami. Da aka haɗa lissafi, bugunsa ya fi na kowa ƙaranci, shi ya ci.

Sakatare ya miƙa masa kofi, ya yi jawabi, ya ce kowa ya yi koyi da dattijon da ya san iyakarsa. Aka yi tafi. Malam Markus ya karɓa bai yi murmushi ba. A gida ya miƙa wa Liatu kofin, ya ce ta ajiye inda ba zai riƙa gani ba.

"Ba cin nasara ka yi ba?"

"Sun ba ni ne don na tsufa da kyau," in ji shi.

Bai ƙara shiga gasa ba. Shekarar da ta biyo, Turawa suka yi ta raguwa, ciyawa ta soma cin filin, shi kuma aka mayar da shi rumfar awon auduga a Dayi. Sada ya zo masa sallama, suka zauna a ƙofar gida.

Malam Markus ya ce, "Sada, ka faɗa mini gaskiya, kada ka yi mini ladabi. Lokacin da nake kan ganiyata, kafin ƙugun nan, nisan nawa na ƙara?"

Sada ya auna da ido. Ya nuna turken akuya da ke gefen hanya.

"Kamar daga nan zuwa can, Malam. In ta tafi daidai."

Malam Markus ya daɗe yana duban turken. Ya tashi da ƙyar, ya taka har wurin, ya juyo ya dubi inda Sada ke zaune. Da magana a hankali ma suna iya jin juna.

Ya ce, "Wahalar shekara uku ke nan."

Ya dawo ya zauna, ya ƙwala wa Liatu kira ta kawo wa baƙo ruwa.