Ranar da Bakina Ya Mutu a Ofishin Alhaji

Ni 'yar Gwandu ce, amma aikin allurar rigakafi ya kai ni wani ƙaramin asibiti a Kalgo, na daɗe a can har furfura ta same ni. An san ni da baki. In ɗan acaba ya watsa mini ruwan kwata, sai unguwa duka ta ji. Saboda haka da aka ce kowane wurin aiki ya fitar da mace guda wadda mata za su riƙa kai wa kuka in wani namiji ya matsa musu, ba a tsaya doguwar shawara ba. Aka tura ni bita Birnin Kebbi, na ci shinkafa da kaza, na dawo ina tafiya kamar alƙaliya. Na tara 'yan matan wurinmu na ce duk wanda ya kuskura ya taɓa ko gefen mayafinsu, su bar ni da shi.

Da damina wata yarinya 'yar Diggi, sabuwar ɗauka, ta same ni ina jera ƙanƙara a akwatin allura. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin ta ce, "Inna, ba ni son fita ƙauye da Alhaji."

Alhajin nan shi ke tsara wa za ta je ina, kuma shi ke tuƙa motar. Ta ce kullum gaba yake sa ta. A hanyar Wurogauri in zai canza giya hannunsa ba ya tsayawa a giyar. Ya kuma faɗa mata cewa tabbatar da ita a aiki yana hannunsa.

Na tambaye ta me take so a yi, wannan kam na riƙe daga bita. Ta ce a hana shi, amma kada maganar ta kai gida tukuna, don babanta zai ce ta ajiye aikin.

Na ce, "Share hawayenki, ɗiyata. Yau zai san ni."

To, wannan Alhaji na san matarsa, na ci tuwon sunan 'ya'yansa, ya taɓa kai ni Gwandu a motarsa da mahaifiyata ta rasu. Na doshi ofishinsa ina tsara kalmomi masu zafi. Na yi sallama, ya ɗago da fara'a ya ce, "Hajiya babba, bismillah." Sai na ji bakina yana tambayar lafiyar iyali. Na tambayi yara. Na tambayi gonarsa ta shinkafa, ko ruwa bai cinye ba. Har ciwon ƙafar surukarsa na tambaya. Ya ba ni lemo mai sanyi, na sha, na yi godiya, na fito.

Yarinyar na tsaye a baranda. "Inna, mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce shinkafa ta yi kyau bana."

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Sai dariya ta kufce mata cikin hawaye, ni kuwa na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Washegari da aka zo fita, na riga kowa zuwa mota, na buɗe gaba na zuba jikina. Ni ba ƙaramar mace ba ce. Kujerar ta yi ƙara. Alhaji ya ce ai gwiwoyina ba sa son hanyar ƙauye. Na ce likita ne ya ce in riƙa shan iska. Tun daga Kalgo har Wurogauri idona na kan hannunsa, giya kuwa ba ta taɓa samun ladabi irin na ranar ba. Na dawo bayana kamar an daka.

Amma yarinyar ta ce mini, "Inna, ran da kika tafi hutu fa?" Gaskiyarta. Kujera kawai na tsare.

Muka tafi wurin shugabar asibiti tare. Na ce wa yarinyar ni zan yi bayani, ita ta yi shiru. Da muka zauna na fara da "wato, a gaskiya, dama dai", na maƙale. Yarinyar ce ta karɓa, ta faɗi komai a natse, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Abin da na iya shi ne riƙe hannunta, da cewa, "Na yarda da ita, kuma ina so a rubuta cewa na yarda."

Aka kira zama. Alhaji ya rantse, ya ce sharri ne, ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, ke ma?" A nan ne murya ta dawo mini, ƙarama dai. Na ce, "Ni ma, Alhaji. 'Yar mutane ce, aiki ta zo yi." Kafin a tashi wasu mata biyu suka shigo da kansu suka faɗi nasu, ɗaya ma ta girme ni a aikin, kuma kullum tare muke cin abinci ban taɓa sani ba.

Aka karɓe makullin mota da tsara fita daga hannunsa, aka tura maganar sama, daga baya aka ɗauke shi daga wurinmu. Aka kuma sa doka cewa mace ba ta fita ƙauye ita kaɗai da namiji. Matarsa ta daina amsa gaisuwata a gidan biki, abin ya dame ni fiye da yadda nake nunawa.

An tabbatar da yarinyar a aiki bayan sallar layya. Ita da kanta ta ba babanta labari, sai ga dattijo ya aiko mini da busasshen kifi daga Diggi, wai a gode wa jarumar mata. Na karɓa ban yi gardama ba, na yi miyar kuka da shi, ta yi daɗi ƙwarai.