Hannun Daman Ɗiyar Fari

Farkon kaka ne. An yanke gero a gonakin bakin gari, ana cirar gyaɗa, dawa kuwa ba ta ƙarasa nuna ba. Damina ta yi kyau a shekarar, sai dai da yawa daga mutanen Karare ba su noma gonakinsu na nesa ba, saboda halin da daji yake ciki. Abin da aka samu kusa da gida shi aka tattara, aka gode wa Allah. Shekara ce ta magana ƙasa-ƙasa. Ko taro za a yi, da hantsi ake yinsa, a watse kafin la'asar.

A shekarar ɗiyata ta fari ta cika shida. Ni 'yar Babban Duhu ce ta ƙasar Safana, aure ya kawo ni Karare, kuma can da nan al'adar ɗaya ce: uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ranar da aka yaye yarinyar, uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta goya ta zuwa ɗakinta. Tun daga nan a can take kwana, a can take ci. In zan yi maganarta sai in ce "'yar ɗakin Inna". Ban taɓa jin haushin wannan ba. Haka uwata ta yi da yayana, kuma Inna ta riƙe yarinyar riƙon da ni kaina ba zan iya ba.

Da abin aka haife ta. Babban yatsanta na dama da manuniya sun fi na hagu kauri, har zuwa tudun tafin hannu. Tana jaririya ba wanda ya damu, don duk jikinta ɓul-ɓul yake, mata na ta cewa nono ya karɓe ta. Da ta fara tafiya ƙibar jarirai ta zube, ta hannun nan ba ta zube ba. Tana girma yana girma, har ya fi ta sauri. Da ta kai shida yatsun biyu sun yi kaurin rogo, tudun tafin ya taso kamar an cusa ƙwallon mangwaro a ƙarƙashin fata. Loma ba ta dunƙuluwa a hannun. In ta faki ido ta ci da hagu sai a tsawata mata, ta koma dama, tuwo na zubewa.

Inna ba ta zauna ba. An sha rubutu, an yi tofi, an shafa man shanu da saiwoyin da ban san sunansu ba. Wani ya ce tundurmi ne, wani ya ce sammu. Malamin makarantar allon unguwarmu ya duba ya ce shi bai ga aikin iska ba, a nemi magani. An kai ta asibitin Batsari sau ɗaya, ma'aikacin ya ce a wuce da ita Katsina. Inna ta ce hanyar nan a wannan zamani, sai dai in ba yadda za a yi.

Ni kuwa na san hannun nan fiye da yadda kowa yake zato. In Inna ta tafi barka ko gaisuwa, yarinyar ta zo karɓar abinci, nakan riƙe shi kamar ina goge mata miya. Ba ya zafi. Ba ya ja. In na danna ba ta cewa wash, kuma wurin ba ya lotsawa ya tsaya, yana dawowa nan take. Laushi dai gare shi, laushi sosai.

Laushin ne ya kusa jawo mana. A wurinmu kumburi in ya yi tauri ɗanye ne, in ya yi laushi ya nuna, abin da ya nuna kuwa sakiya ake masa: wanzami ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya huda, mugunya ta fita, a huta. Na ga an yi wa mutane da yawa sun warke. Wata rana da yamma Inna ta latsa hannun a gaban matan gida ta ce, "Kun ji? Ya nuna. Shekara shida muna jira, yau ya nuna."

A makon ne facalata, matar ƙanen mijina, ta haihu. Inna ta ce shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi, Sarkin Aska zai zo daga Yasore askin suna, sai ya haɗa da sakiyar.

Na samu maigidana yana gyara buhunan gyaɗa a zaure. Na ce, "Malam, ka ji abin da za a yi ranar suna?"

"Na ji."

"Abin nan ba ruwa ba ne a ciki."

Ya daɗe yana ɗaure bakin buhu. Ya ce, "Ke ma kin san ba ni da baki. Ɗiyar fari ce a wurina kamar yadda take a wurinki. In je in ce wa Inna mi? In ce ɗiyata?"

Gaskiya ya faɗa. Na je wurin malamar ajinmu na yaƙi da jahilci, wadda ta taɓa gaya mana kumburin da ya daɗe ba ya ciwo a bar wa likita. Na so ta zo ta yi wa Inna magana a matsayin baƙuwa. Aka ce ta tafi Katsina jinyar mahaifinta. Facalata tana jego, ba ta fita. Na duba duk wanda zai iya ara mani bakinsa, ban samu ba, har kwana bakwai suka cika.

Ranar suna an raɗa tun da sassafe, aka yanka rago. Ni aka ba gyaran kayan ciki, ina bayan madafa da roba da ruwa. Daga inda nake ina hango gindin darbejiya, inda Sarkin Aska ya shimfiɗa buzunsa ya buɗe zabira. Tsoho ne mai barkwanci, shi ya aske duk 'ya'yan gidan. Ya gama da jariri, aka kai shi ɗaki. Sai na ji Inna ta ce a kawo kaskon wuta.

"Sarkin Aska, ka dai riƙe da kyau," in ji ta. "Na ga hannun naka ya fara rawa."

"Hajiya, hannun da ya aske wancan ɗan naki mai gemu tun yana cikin tsumma? Ke dai kawo ƙawar taki."

Aka yi dariya. Inna ta zaunar da yarinyar a cinyarta, ta rungume ta ta baya, ta miƙa hannun. Yarinyar ba ta san abin da ake shiryawa ba, tana ta kallon ƙahonin da ke cikin zabira. Ƙarfen yana cikin garwashi, bakinsa ya fara canza launi.

Abin da ya kamace ni a lokacin shi ne in shige ɗaki, ko in fita gidan maƙwabta har a gama. Uwar ɗan fari ba ta tsayawa a irin wannan wuri. Na sunkuyar da kai ga aikina. Hannuna yana kan kitsen nan da ke lulluɓe da tumbi, da sauran ɗuminsa tunda ba a daɗe da yanka ba. Na danna shi da babban yatsa ba da wata niyya ba, ya lotsa ya dawo. Na sake dannawa. Ubana makiyayi ne, na taso ina taɓa tozon shanu, amma ban taɓa haɗa laushin kitse da na hannun yarinyar ba sai a ranar.

Na yanko dunƙule guda, na ɗora a murfin kwano, na miƙe.

Tsakar gidan ba ta da faɗi, amma na ji tafiyar. Matan da ke tuƙin tuwo suka tsaya. Wata gwaggon mijina ta ce, "Ikon Allah! Yau ga uwar ɗiya." Wata ta ce, "Karatun manya ke nan." Ban waiwaya ba. Na durƙusa nesa kaɗan da buzun, na gaishe da Sarkin Aska, ya amsa, na gaishe da Inna, ba ta amsa ba. Ban kalli yarinyar ba.

Na tura murfin gabansa. Na ce, "Baba, don Allah, kafin ƙarfen nan. A taɓa wannan, a taɓa wancan."

Ya dube ni, ya dubi kitsen. "Rabona ne aka kawo mani tun yanzu?"

"A taɓa dai, Baba."

Ya danna kitsen. Ya kama hannun yarinyar ya danna tudun. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce cakulkuli yake mata. Ya sake dannawa da ƙarfi.

"Da zafi, 'yar tsohuwa?"

"A'a."

Ya ɗora bayan hannunsa a wurin, ya daɗe. Ya juya yatsun yana neman inda kumburin ya yi baki, bai samu ba. Dariyar fuskarsa ta tafi.

"Hajiya, yaushe abin nan ya fito?"

"Da shi ta zo duniya."

"Ba haka aka aiko mani ba. Cewa aka yi kumburi ya nuna." Ya saki hannun a hankali. "Maruru ba ya shekara shida. Ni abin da ke da ruwa nake buɗe wa ƙofa. Wannan in na huda, jini za ki gani, kuma ramin ba zai rufe da wuri ba. Nama ne ko kitse, Allah ya sani. Ba aikin zabira ba ne."

Ya zare ƙarfen daga wuta ya soka shi cikin ƙasa.

Inna ta sauke yarinyar daga cinyarta, ta gyara ɗankwali. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "To, madalla. Tunda mai ɗiya ta yi magana, mu 'yan riƙo sai mu kama bakinmu." Ta shige ɗaki. Kafin la'asar na tarar da 'yar tabarmar yarinyar da kwanonta da ƙullin kayanta a ƙofar ɗakina. Yarinyar kuwa ta ƙi shigowa, ta zauna a bakin ƙofar Inna tana kuka, Inna tana ciki, na san ita ma kukan take.

Abin da likitan Katsina ya gaya mana daga baya, bayan an ɗauki hoton hannun, shi ne kitse ne yake girma fiye da ƙima a wannan gefen kawai, har ya nannaɗe jijiyar da ke kai ji zuwa yatsu, ƙashin ma ya ɗan fi na hagu. Ya ce halitta ce tun daga ciki, ba laifin abin da na ci ba ne ko abin da aka yi, ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗauka. Ba kasafai suke ganin irinsa ba, har ya kira ɗalibansa suka kewaye mu. Da na ba shi labarin sakiya sai ya nuna mani a hoton inda jijiyar ta bi, daidai tsakiyar tudun, wurin da ya fi laushi. An yi mata aiki an rage, aka ce zai iya ƙaruwa har sai ta gama girma, mu riƙa dawowa. Muna dawowa. Yatsun har yau sun fi na hagu, amma tana jin zafi da sanyi da su, tana cin tuwonta da dama, alƙalami kuma ta samo yadda take maƙale shi tsakanin yatsun tsakiya.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar ban san ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne hannun yana nan ba a huda ba, kuma na yi wa tsohuwar da ta shekara huɗu tana goyon ɗiyata abin da ba a yi, a gaban baƙi. Ban yi nadamar maganar ba. Amma Katsina dole a je, kuma yarinyar ba za ta miƙa wa baƙo hannunta ba sai tana cinyar Inna.

Washegari da na idar da sallar asuba na dama koko, na ɗauki tabarmar da kwanon da ƙullin kayan, na yi sallama a ƙofar Inna. Sai a ta uku ta amsa. Yarinyar tana kwance a bayanta, ashe an buɗe mata. Na ajiye kayan inda suke zama, na durƙusa.

Na ce, "Inna, na yi rashin kunya jiya. A yafe mani."

Na ci gaba da magana.

"'Yar ɗakinki ce. Ni ban san Katsina ba, ban taɓa wuce Batsari ta wannan hanyar ba. In ba ke, ba mai kai ta."

Ta ɗauki ludayi ta juya kokon, ta kurɓa, ta ce ya yi tsami. Ta sake kurɓa.

"Kin san kitse, ba ki san hanya ba?"

"Ban sani ba, Inna."

"To tashi ki miƙo mani mayafina. Ki ce wa wancan mijin naki ya tsayar mana da motar farko, kada rana ta yi."

Na miƙa mata. Na koma na ƙulla fura da ƙuli-ƙuli a leda, na sa hijabi. Inna ta fito riƙe da yarinyar, suka yi gaba, ni kuma na ɗauki jaka na bi bayansu zuwa bakin titi.