Jan Ƙyalle a Igiyar Wasaki

Rijiyarmu ta arewa da Mai Yara, in ka jefa tsakuwa a ciki, sai ka ci tuwo ka wanke hannu kafin ka ji faɗuwarta. Takarkari ke jan wasaki, wato babban gugan fata, ni nake kora shi. Taubashina, ɗan kawuna da ya girme ni nesa, shi ke tsaye a bakin rijiya. Da wasaki ya leƙo zai ce "Tsaya", ya cafe shi ya juye a komin da shanu ke sha. Mutum ne da kafin ka gama tambaya ya amsa, har ya ɗora maka zagi.

Wani rani sai "Tsaya" ɗinsa ta fara makara. Ido ya gani, amma kafin saƙo ya kai baki wasaki ya bugi icen da igiya ke bi, ruwa ya koma inda ya fito.

Na ce, "Tsoho, wannan tsayar ta jiya ce ko ta shekaranjiya?"

"Rufe min baki, bawana. Sanka ne ba ya ji."

Rana ɗaya wasaki uku suka yage. Makiyaya suka ce in aka sake, ya koma inuwa ya zauna. Matarsa ta gaya min tun da ya ji haka ko fura ba ya shanyewa. Nan dariyata ta ragu.

Na yagi jan ƙyalle a tsohon zanen matata, abin da har yau ba ta yafe min ba, na ɗaure a igiya, kamu shida kafin wasaki. Na ce masa laya ce ta maganin tsinkewa.

"In ka gan ta ka gaishe ta, ka ce tsaya."

Ya harare ni. Amma da ƙyallen ya fito sai ya fara shiri, wasaki na isowa maganar na fita. Har damina ta sauka ko ɗigo bai zube ba. Ya koma cin tuwon mutum huɗu, zagi ma ya dawo.

Da wani ranin ya zagayo ina gyaran igiya, ya tsuguna kusa da ni yana kallon shanu.

"Bawana, layar nan taka."

"Na'am."

"Ƙara mata kamu biyu. Kuma in ka gaya wa kowa, kai zan ɗaura a igiyar."